Yadda Wayar Hannu Za Ta Taimaka Wajen Hana Matasa Shaye-Shaye

(Jawabin da editan wannan jarida ya yi wa malamai da ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa)

 

A shekarar 2018 gidan rediyon BBC ya fitar da wani fim na bincike kan maganin tari mai kodin, inda aka nuna matasa ɗaure da mari a wani gidan gyaran hali a Kano. Fim ɗin ya bazu a Facebook da WhatsApp, kuma ba a yi kwana biyu ba Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin da shigo da shi. A wannan shekarar ne kuma binciken Hukumar Ƙididdiga da Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano mutum miliyan 14.3 suna shan ƙwayoyi a Nijeriya.

To jama'a, tunda waya ta motsa gwamnati, ba za ta kasa motsa ɗan unguwarku ba.

Abin da ya fi dacewa da mu mutanen karkara shi ne saƙon murya, domin ko wanda bai gama koyon baƙi da wasali ba zai ji, ya kuma tura. Kada saƙon ya wuce minti biyu. A samu jami'in lafiya na asibitin gari ya yi bayanin tiramol, wadda samari ke haɗiya kafin su tafi ƙwadago ko su hau babur. Ya gaya musu gaskiya: ƙwayar tana ɓoye gajiya ne kawai, jiki na sabawa da ita har sai an ƙara yawa, kuma tana iya jawo farfaɗiya. Bayan shi sai limami, sai kuma wani da ya sha ya daina, in ya yarda da kansa. A ganina maganar wannan na ƙarshe ta fi shiga kunnen yaro fiye da tawa.

Akwai ɗabi'ar da nake roƙo a bari, wato ɗaukar hoton yaro yana tangaɗi a watsa ana dariya. Wanda aka tona wa asiri haka ba ya komawa wurin iyayensa, wurin mai sayar masa yake komawa.

Na san za ku ce sabis ba shi da tabbas. Haka ne, ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu guda uku, saboda 'yan bindiga. Saboda haka kowane malamin aji ya ajiye saƙonnin a katin waya, ya kai wa masu cajin waya da masu tura waƙoƙi ranar kasuwa, su riƙa haɗawa da abin da samari suka zo nema.

Wanda ɗansa ya riga ya yi nisa kuwa, ya nemi shawarar asibiti ko ofishin hukumar NDLEA da ke Katsina, domin ban da kame, suna da sashen ba da shawara.