Guzurin Uwa

(Jawabin da anka karanta a taron ƙungiyarmu na bayan girbi)

Iyayenmu dattawa, Allah shi ƙara muku lafiya da nisan kwana. 'Yan uwa da kunka zo daga Maraɗi da Yamai, da ku na Kano da Ikko da Arlit, sannunku da hanya.

Maganar da anka ba mu ta yau ƙarama ce a baki, maganar guzuri ce. Duk wanda ke zaune nan ya taɓa barin Tsibiri da ƙunshi a hannu. Mun san yadda abin yake. Tun asuba kana jin sakaina da turmi, kai kana barci, uwa tana kirɓa gero. In gari ya waye sai ka tarda dunƙulen hura an barbaɗe shi da gari an ɗaure cikin tsumma mai tsabta, ga ƙuli-ƙuli, ga yaji a ƙullin leda, wani lokaci har da daddawa da busasshiyar kuɓewa, don ta ji an ce miyar can ba ta da daɗi. Ba ta ce maka komi. In kai ɗan fari ne, ko sunanka ba ta kamawa, balle ta raka ka tasha. Iyakarta ƙofar gida, ta ce Allah shi kiyaye hanya, ta koma ciki. Abin da kunya ta hana bakinta faɗi, shi ne ta ɗaure a tsumman nan.

Mu da munka yi lakwal a Maraɗi muna da wani laifi da ya kamata mu faɗa gaban iyayenmu. Tsakanin Tsibiri da Maraɗi wajen kilomita 12 ne, amma da yawanmu a gidan mai masauki muke kwana. Ran Litinin ko Jumma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, sai a aiko muna da hura a gora ta hannun masu zuwa cin kasuwa. To, akwai cikinmu waɗanda ke ɓoye gorar bayan katanga, wai kada ɗiyan birni masu burodi su yi musu dariya. Har akwai wanda ya tuttular da tashi a ƙasa. Sai da ya koma hutu ya iske ashe rumbunsu ya ƙare tun tuni, geron hurar nan da tiya ake awo shi, kuma rabon tsohuwa ne take ragewa. Yau shi ma yana da furfura, yana cikin taron nan, ba za mu nuna shi ba.

Dattawa sun hi mu sanin shekarar 1984, wadda anka sa ma suna El-Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Mu kuma mun ga 2005 da idonmu, sa'ad da anka cika wuraren jinya na Maraɗi da yara masu tamowa. A shekarun nan ma ba a bar ɗan ci-rani ya tahi hannu wofi ba. Ko gumba ce, ko dambun zogale irin na Jiratawa, sai an ƙulla mishi wani abu.

Ga inda maganar ta dosa. Mu 'yan ci-rani mun saba aiko da kuɗi ga salla, ga suna, ga biki. Madalla. Amma lokacin da gida ke matsuwa shi ne daga shuka zuwa sabon gero, wato daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma lokacin nan ne ake kai ma manoma hura gona da rana tsaka. Uwa ba za ta buga maka waya ta ce babu ba. In ka tambaya, lafiya lau za ta ce. Saboda haka muke roƙon kowa shi sayi hatsi yanzu da kaka, tun yana da araha, shi aje ma gidansu, kada a jira bazara.

Sannan ku masu ɗiya a lakwal, a birni ko nan gida: kuɗin tara da ake miƙa ma yaro da safe ba laifi ba ne, amma in da hali a haɗa mishi da abin da anka dafa a gida.

Wanda ke son a sayo mishi buhu tare da na ƙungiya, shi ga ma'aji bayan sallar la'asar a rubuta sunanshi. Wassalamu alaikum.