Wanda ya fara isowa ba lallai shi ya ci ba: yadda ake raba gardama a tseren jiragen ruwa masu ƙyalle

 Yau teku zan kai ku. Eh, na sani, akwai mai cewa mu da ko iyo ba mu iya ba me ya haɗa mu da teku. Ku dai yi haƙuri ku biyo ni.

Wata gardama ce da muka yi da wani abokina ta jawo maganar. Na ba shi labarin wani tsere da ake kira Fastnet, na jiragen ruwa masu tafiya da iska. Wato babu inji, ƙyalle ne babba ake ɗaurawa a jikin doguwar sanda, iska ta bugi ƙyallen, jirgi ya tafi. Ana tashi daga kudancin Ingila, a je a kewayo wani dutse da ke cikin teku kusa da ƙasar Ailan, a dawo. A shekarar 2013 jirage sama da 300 suka shiga, tafiyar sama da mil 600 na teku. A cikinsu akwai gingima-gingiman jirage masu tsawon mita 30, cike da ƙwararru da ake biya. Amma kun san wa ya ɗauki babban kofin? Wani ɗan jirgi mai tsawon mita 10, mutum biyu ne kacal a ciki, uba da ɗansa, Faransawa, Pascal Loison da Alexis Loison. Lokacin da suka iso, manyan jiragen sun iso tuntuni, mutanensu sun yi wanka sun yi barci.

Abokin nan nawa ya kalle ni ya ce, "Malam, wannan ai maguɗi ne. Wanda ya fara isowa shi ya ci, sauran duk surutu ne."

To, ni kuma na ce a'a. Ga dalili. A ruwa, jirgi mai tsawo ya fi gajere gudu, haka halittar abin take. Mai ƙyalle babba ya fi mai ƙarami, mara nauyi ya fi mai nauyi. Duk waɗannan kuma kuɗi ke sayen su. Idan aka ce wanda ya fara isowa shi ya ci, to aljihu ake gwadawa kenan, tun kafin a shiga ruwa an san sakamako. A gasar Olamfik sun huta da wannan matsala, saboda a kowane rukuni jirgi iri ɗaya kowa ke hawa. Amma ku ɗauki ƙaramin kulob na 'yan sha'awa, irin waɗanda suka cika bakin tekun Ingila da tafkunan Amurka. Malamin makaranta ya zo da tsohon jirgin da ya gada, likita ya zo da sabo fil, yarinya 'yar shekara 12 ta zo da ɗan ƙaramin nata. Jirage 15, iri 10. Ya za a yi su yi tsere ranar Lahadi kowa ya ji yana da rabo?

Amsar da suka samo ita ce a ba kowane irin jirgi lamba. Ni zan kira ta lambar daidaito. Kowa ya yi tserensa, a rubuta lokacin da ya ɗauka, sannan a gyara lokacin da wannan lamba. Wanda lokacinsa da aka gyara ya fi ƙanƙanta shi ya ci.

Mu fara da Ingila. A 1947 wani mutum mai suna Stanley Milledge, wanda ke kula da wannan lissafi a kulob ɗin Langstone kusa da birnin Portsmouth, ya fara tattara sakamakon tsere yana gwada gudun jirage da juna. Daga nan aka samu ma'aunin Portsmouth, wanda hukumar wasan ta Birtaniya, RYA, ke riƙe da shi yanzu. Kulob-kulob suna aika sakamakonsu, duk shekara a sabunta lambobin. Lissafin ba wuya: lokacin da ka ɗauka, sau 1,000, a raba da lambarka. Jirgi mai gudu lambarsa ƙarama ce, mai nawa lambarsa babba.

Ku ɗauki biro mu gwada. Jirgin Laser, wanda mutum ɗaya ke tuƙawa, lambarsa tana wajen 1,100. A ce ya gama cikin minti 55. In ka buga lissafin, ya koma minti 50 daidai. Sai ga wani mai lamba 1,400, misali, ya iso cikin minti 68. Nasa ya koma minti 48 da daƙiƙa 34. Kun gani? Ya iso a baya da minti 13, amma shi ya ci, domin ya fitar da abin da ya fi ƙarfin jirginsa, shi kuwa na farkon abin da aka sa rai kawai ya yi.

A Amurka da Kanada akwai nasu, PHRF. Su kuma daƙiƙa suke ƙirgawa a kan kowane mil na teku, wanda shi ne mita 1,852. In lambata 150 ce taka 90, to a kowane mil ka ba ni ratar daƙiƙa 60. Tseren mil 10, ka ba ni minti 10. Kwamitin kowane yanki ne ke zama ya yanka lambar, yana duba yadda irin jirgin ya saba gudu, kuma in ba ka yarda ba kana iya ɗaukaka ƙara.

Zuwa nan abin ya yi kyau ko? To ga inda gizo ke saƙa.

Na farko, iska ba ta san lamba ba. Ranar da iska ta kwanta, tseren mil 10 ɗin nan zai iya ɗaukar ninki biyu na lokacin da ya saba, tazarar da ke tsakaninmu ta buɗe sosai, amma ni minti 10 ɗin nan dai nake da ita. Ka cinye ni kenan ba don ka fi ni iyawa ba. Sannan akwai jirgin da sai iska ta yi ƙarfi yake nuna kansa, akwai wanda sai ta yi sanyi. Lamba ɗaya ba za ta iya ɗaukar duka biyun ba. Na biyu, lambar tana ɗauka cewa jirginka a gyare yake, ƙyallenka mai kyau ne, ƙasan jirgin a wanke yake sumul. Malamin makarantar nan da ƙyallensa ya shekara 15 ya saki, babu wanda zai rage masa ko daƙiƙa ɗaya. Kun ga kuɗin da aka kora ta ƙofa ya shigo ta taga.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a bar kallon sakamako ba, a ɗauki awo a auna jirgin kawai, tsawo, faɗi, nauyi, girman ƙyalle, a zuba a lissafi? An yi wannan, kuma tarihinsa ne ya fi ba ni mamaki a duk karatun da na yi kan batun. A 1855 aka fito da wata dokar awo a Ingila, ta kogin Thames, wadda ke hukunta faɗin jirgi amma ba ta auna zurfinsa na gaskiya. Me kuke zato maƙera jirage suka yi? Suka riƙa ƙera jirage siri-siri masu zurfi, har ana kamanta su da katakon da aka tsayar a kan gefensa. Jiragen sun zama masu wuyar zama, ruwa na wanke mutanen ciki, amma a takarda lambarsu ta yi daɗi. Bayan shekaru sama da 100 aka maimaita da wata doka, IOR, wadda ta yi tashe a shekarun 1970. An san daidai wuraren da mai awo zai ɗora awonsa a jikin jirgi, sai maƙera suka riƙa yi wa jirage ƙusumbi a daidai wuraren, don jirgin ya yi kama da mai nawa a lissafi. A tseren Fastnet na 1979 guguwa ta afka wa jirage 303, 'yan tsere 15 suka rasu. Guguwar ce musabbabi, kada a ce na ce doka ce ta kashe su. Amma bayan nan an yi ta tambaya mai zafi kan ko dokar ta sa ana ƙera jirage masu saurin kifewa.

Saboda irin wannan ne masu tsarin IRC, wanda wata ƙungiya a Ingila da takwararta a Faransa ke gudanarwa, suka ce shi ke nan, za mu auna jirginka, mu ba ka lamba, amma lissafin sirri ne. Ba ka san yadda aka yi ba balle ka yi masa dabara. Da wannan tsari uba da ɗan nan suka ci kofinsu. Akwai kuma ORC, su nasu a buɗe yake, kwamfuta ce ke hasashen gudun jirgi a kowane ƙarfin iska.

Gaskiya ni dai maganar sirrin nan ta tsaya mini a rai. Ɗabi'ata ce, in aka ce mini "yarda kawai, mun lissafa", sai na ji wani iri. Amma da na duba abin da ya faru da dokokin da aka buɗe, sai jikina ya yi sanyi. Buɗaɗɗiyar doka, wanda ke da kuɗin ɗaukar ƙwararren maƙeri shi ya fi kowa cin moriyarta. Rufaffiya kuma sai ka amince da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Har yanzu ban gama yanke hukunci tsakanin biyun ba, in dai a manyan gasa ne.

A ƙaramin kulob kuwa ina da matsaya. Ku dubi abin da ake yi a Ailan. Suna da wani tsari, ECHO, wanda shi jirgi da mutanen cikinsa yake aunawa a haɗe. Ka yi ƙoƙari yau, gobe lambarka ta ƙara tsauri. Ka sha kashi, a sassauta maka. Ƙwararru ba su cika son sa ba, suna cewa ana hukunta mai ƙoƙari, kuma suna da gaskiya. Akwai ma mai wayon da zai riƙa jan ƙafa da gangan a ƙananan tsere don lambarsa ta yi laushi kafin babban kofi. To amma sau da yawa tsere ɗaya ake yi a fitar da sakamako biyu, ɗaya na IRC ɗaya na ECHO. Gwani ya samu kofin da ke cewa shi gwani ne, sabon shiga kuma ya samu dalilin dawowa mako mai zuwa. A ganina wannan ya fi, domin kulob ɗin da mutum uku ke cinye komai duk shekara, wata rana su ukun za su tarar da kansu su kaɗai a ruwa. Sharaɗina kawai, a manna lambobin a inda kowa zai gani tun kafin a tashi, kuma wanda ke cikin tseren kada ya zauna a kwamitin da zai yanka lambar abokin karawarsa.

Da na gama duk wannan bayani, abokin nawa bai sauka ba. Ya ce shi fa abin da ke ba shi haushi, a gama tsere a tsaya jiran mai kalkuleta kafin a yi murna. Nan kam na ba shi gaskiya, akwai rashin daɗi a ciki. Sai na gaya masa ai akwai wani salo da kulob-kulob ke yi, tseren bi-ni-ka-kama. Ana yin lissafin tun farko. Jirgin da ya fi kowa nawa shi ke fara tashi, sai mai bi masa, har a zo kan mafi gudu wanda zai zauna yana kallon agogo, wani lokaci sama da rabin awa, kafin a sake shi. Daga nan babu sauran lissafi, wanda ke gaba a ƙarshe shi ya ci. In lambobin sun yi daidai, sai ka ga a mintunan ƙarshe jirage duk sun cure wuri ɗaya, yarinyar nan 'yar shekara 12 tana gaba tana waiwaye, babban jirgin likita na taho mata a guje.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To wannan kam zan kalla. Amma wa ya yanka mintunan da aka ba yarinyar?"

Na ce kwamiti. Ya ce, "Ka ji ko."

A nan za mu dakata yau. Ku gaya mini, a tsakanin ni da shi wa kuka bi? Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.