Bayan Sallama Daga Asibiti: Ina Mai Taɓin Hankali Zai Dosa?



Dukanmu mun san hanyar da akan bi a kai mai taɓin hankali asibiti, ko Kware, ko Dawanau, ko Barnawa. Hanyar komowa gida ce ba mu cika magana a kanta ba. Likita ya sallami mutum ya sami sauƙi, ya zo ya iske an ba wani gurbinsa a wurin aiki, iyayen yarinyar da yake nema sun mayar da kaya, yara na binsa da ihu. Magani ya ƙare, kuɗin motar komawa babu, ciwo ya dawo. Daga nan sai mari, ko kuwa kwana a rumfar kasuwa.

Alhali kuwa an taɓa gwada wata hanya a ƙasar nan. A cikin 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, bayan ya komo daga Ingila, ya nemi yardar sarakunan ƙauyukan da ke kewaye da Aro, kusa da Abeokuta, aka sauki majiyyata a gidajen mutane bisa haya. Sharaɗi shi ne kowane majiyyaci ya zo da ɗan'uwa guda, galibi uwa ko 'yar'uwa, mai yi masa abinci da raka shi wurin likita. In an gama, ya koma masauki ya yi hira da maƙwabta kamar kowa. Har masu maganin gargajiya Lambo ya jawo cikin aikin.

A ganinmu, hikimar tana ga ɗan rakiyar nan. Ya ga yadda ciwon ke tasowa, watau rashin barci da yawan surutu ko ƙaurace wa jama'a, ya kuma san lokacin shan magani. Ranar da aka koma gida, akwai mutum ɗaya wanda ba ya tsoron majiyyacin.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da ba ta san komai ba sai tsarewa. Madalla. Amma doka ba ta ɗaukar ƙwaya ta kai ƙauye. Gobe wasunmu ne za su zauna a ofisoshin ƙananan hukumomi da ma'aikatar lafiya. A teburanmu za a yanke ko ɗakin shan magani na gunduma zai ajiye maganin, a teburanmu kuma za a aje takardar ma'aikacin da ya warke yana neman komawa bakin aikinsa.