Jawabi Kan Raunin Wuya a Filin Wasa



Kowace shekara kukan aiko wa makarantunmu kayan wasanni, har da mashin jifa. Allah Ya saka da alheri. Sai dai mashin nan, na maza giram 800, na mata 600, tsini gare shi gaba da baya. Yaro kan sheƙo da gudu don ɗauko shi inda ya kafe, ya yi tuntuɓe, gindin mashin ya shige masa wuya. Wuya kuwa nan maƙogwaro yake, da laka, da manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa.

In haka ta faru, Allah Ya kiyaye, kada a zare mashin. Na san hannu can yake fara zuwa, amma sau da yawa ƙarfen ne ya toshe jijiyar da ya huda, ana cire shi jini ya ɓalle. Mutum ɗaya ya riƙe shi kada ya motsa, wani ya danne gefen raunin da tsabtataccen ƙyalle. Kada a naɗe wuyan a ɗaure, numfashi zai yanke. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da ruwan sha, domin tiyata ke jiransa. A garzaya da shi babban asibiti.

Roƙona, a kasafin bana a sa akwatin agajin gaggawa ga kowace makaranta, a kuma nemo ma'aikacin jinya ya horar da malaman wasanni.