KUƊIN KWAMIN: INA RABON MAI BISA?

Iyayenmu sarakuna da shugabannin rugage, 'yan uwa makiyaya, dillalai da fataken bisashe, iyayenmu mata masu sana'ar nono, barkanku da zuwa. Mun san da yawa daga cikinku sun baro garke a hannun yara, don haka ba za mu ja zance ba. Maganar yau a kan kuɗi take: kuɗin da ƙaramar hukuma, wato kwamin, take karɓa a hannunmu, da yadda take tsara kashe su, da abin da ke dawo mana.

Bari mu soma da tuni. A nan Nijar an yi zaɓen farko na ƙananan hukumomi 265 ranar 24 ga Yuli 2004. A 2010 aka fito da babbar dokar da ta tsara aikinsu. A watan Afrilu na 2024 mahukuntan soja suka rushe zaɓaɓɓun majalisu, suka naɗa kantomomi. To, ko zaɓaɓɓen magajin gari ne a kujera ko kantoma, abu ɗaya bai sake ba: kowace shekara sai kwamin ta rubuta kasafin kuɗinta, kuma duk aikin da bai shiga wannan takarda ba, ba a fitar masa da ko dala.

Mene ne kasafi? Lissafi ne irin wanda kowane mai gida yake yi da kaka. Ga abin da muke sa ran zai shigo, ga abin da za mu kashe. Bambancin kawai, na kwamin a rubuce yake, kuma sai prefe ya duba ko ya bi doka. Wanda ke ba da umurnin a kashe kuɗi daban, ma'ajin da ke riƙe da kuɗin daban. An raba su ne don kada mutum ɗaya ya zama shi ne wuƙa shi ne nama.

Daga ina kuɗin ke shigowa? Hanya ta farko ita ce lanho, kuɗin kai da ake biya ta hannun masu gari da shugabannin rugage. Shekaru da dama, a ƙananan hukumomin karkara da yawa, dala 140 ne ga mutum, wato sefa 700. Hanya ta biyu ita ce kuɗin kasuwa, da tasha, da mahauta, da garkar da ake tsare bisashen da aka kama. Ta uku ita ce abin da gwamnati ke turowa, wani ta hannun hukumar ANFICT da aka kafa a 2008 don tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi. Akwai kuma kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da man fetur da doka ta keɓe wa yankunan da ake haƙo su. Ta huɗu ita ce taimakon ƙungiyoyi da ayyukan raya ƙasa. Kuɗin gwamnati sukan makara. Na masu taimako kuwa, yau akwai, gobe babu. Abin da kwamin take iya dogara da shi kowane mako shi ne kasuwa.

A nan ne muka shigo. Mu ɗauki misali, kuma ku riƙe cewa misali ne kawai, kowa ya sa lissafin kasuwarsu a ciki. A ce kwamin tana da masu biyan lanho 10,000. In kowa ya biya sefa 700, an sami miliyan 7 a shekara, in har kowa ya biya ke nan. Yanzu a ce a wannan kwamin akwai kasuwar bisashe da ke ci sau ɗaya a mako, ana sai da shanu da raƙuma 200, da awaki da tumaki 500. A ce ana karɓar dala 100 a kan babbar bisa, dala 40 a kan ƙarama. Manya sun ba da jikka 100, ƙanana ma jikka 100. Jikka 200 ke nan ran kasuwa. A mako 52 an tashi da miliyan 10 da jikka 400. Kun ga kasuwa guda ta fi lanhon mutum 10,000. Wanda ya taɓa tsayawa a karar Abalak, ko Badagishiri, ko Sakabal, ko Tunfafi, ko Bakin Birji ran da kasuwa ta cika, ya san wannan misali bai kai girman abin da ke wucewa can ba.

Amma mu ƙarasa lissafin. In rabin bisashen nan an sai da su babu tikiti, ko an karɓi kuɗi an sa aljihu, ko an yi ciniki a bayan kasuwa don kauce wa mai karɓa, to miliyan 5 da jikka 200 sun salwanta a shekara. Wannan ɓarna tana da hannu biyu. Akwai hannun mai karɓa marar amana. Akwai kuma namu, duk ran da muka ce masa: riƙe rabi ka bar tikitin. Mai saniya yana ganin ya ci ribar dala 50. Bai san ya goge sunan saniyarsa daga littafin kwamin ba. Ran da muka je neman a gina mana rijiya, littafin nan za a buɗe, a ce kasuwarku ba ta kawo kome.

Yanzu ina kuɗin ke tafiya? Kasafi kashi biyu ne. Akwai kuɗin tafiyar da ma'aikata: albashin magatakarda da ma'aji da masu rubuta haihuwa, da man mota, da takardu, da ladan masu karɓar haraji. Akwai kuma kuɗin ayyuka: gina aji, da ɗakin shan magani, da rijiya, da gyaran kasuwa. Dokar 2010 ta ce a ware aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum don ayyuka. A takarda akan rubuta hakan. Matsalar ita ce, abin da ake tarawa a zahiri sau da yawa ba ya kai abin da aka yi tsammani. In kuɗi suka gaza, albashi ba ya jira, mota ba ta tafiya babu mai. Rijiya ce ke jira, a ɗaga ta zuwa baɗi, baɗi ma a sake ɗagawa. Ga shi kuma a 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi ƙarin nauyi a fannin ilimi, da lafiya, da ruwa, da muhalli. Kaya ya ƙaru a kan jakin, harawarsa ba ta ƙaru yadda ya kamata ba.

Dole mu faɗa wa juna gaskiya a kan tsadar aiki. Mu ɗauki ruwa, tun da shi ne ranmu. Saniya takan sha wajen lita 30 a yini da rani. Garken shanu 50 yana shan lita 1,500, wato fiye da tano 7 na lita 200. Tashar famfo da ke shayar da shanu 5,000 sai ta ɗago lita 150,000 kowace rana. Inji ke wannan aiki. Inji yana shan gazuwal, yana son mai gadi da makaniki, kuma wata rana zai mutu a sayi wani. Ko na hasken rana ne, famfonsa yana lalacewa. Dattawanmu sun ga tashoshin famfo da gwamnati ta gina a arewacin Tawa a shekarun 1960, ana shan ruwa kyauta. Da aljihun gwamnati ya yi rauni, da yawansu suka tsaya. Saboda haka ba mu ƙi biyan kuɗin ruwa ba. Abin da muke nema shi ne mu san nawa aka tara, nawa aka sha gazuwal, nawa aka ajiye don ran da inji zai mutu, kuma a wane asusu. In an ba wani ɗan kasuwa riƙon tashar, muna son a karanta mana yarjejeniyar da kwamin ta yi da shi. Tashar da ta tsaya a watan Afrilu babu ajiyar gyara, kun san abin da ke biyo baya: tafiyar kwana da kwanaki da shanu masu ƙishi, da cunkoso a bakin rijiyar wasu, da faɗa.

Haka sauran ayyukan da muke buƙata. Kafa turakun siminti a gefen burtali kuɗi ne. Fitar wakilan hukumar kula da filaye ta kwamin su je su duba gonar da ta ci burtali, man mota ne. Share hanyoyin tare gobarar daji bayan damina, ladan ma'aikata ne. Shingen allurar bisashe, da matakalar loda shanu a mota, da rumbun dussa na tsimin rani, duk sai an sa musu layi a kasafi. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma hana mallake filayen kiwo. Doka ce mai kyau. Amma burtalin da ba a sa masa kuɗin turaku ba, garma za ta ci gaba da cin sa kaɗan-kaɗan, dokar tana ajiye a ofis.

To me ya sa buƙatunmu ba su cika shiga kasafi ba? Dalili na farko lokaci ne. Doka ta ce a tsai da kasafin shekara mai zuwa kafin ƙarshen watan Oktoba. Ke nan ana shirya shi a Agusta da Satumba. A wannan lokaci muna ina? Muna arewa, wasu sun kai Ingal lasar gishiri. Mai gona yana gida, ɗan kasuwar gari yana gida, kowa yana kai kukansa. Mu sai da rani muke zuwa, ran da rijiya ta rushe, a ce mana an riga an rufe kasafi. Ba ƙarya aka yi mana ba, mu ne muka zo a makare. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Dalili na biyu rajista ce. Makiyayi yakan biya lanho ta hannun shugaban ruggarsu, kuɗin su shiga kwamin da aka rubuta ruggar, alhali shi yana kiwo a wata kwamin mai nisan kwana uku. Can inda yake zaune sai a ce masa baƙo. Amsar wannan magana tana cikin tikitin kasuwa da rasit na ruwa. Wanda ya tara su yana da shaida cewa yana ciyar da asusun wurin da ake kiransa baƙo.

Akwai abin koyi a maƙwabta. A Gogunu, arewacin ƙasar Benin, makiyaya da 'yan kasuwa sun kafa kwamitin da ke riƙe da kasuwar shanunsu. Kowane ciniki a fili ake yin sa gaban shaida, a rubuta, a yanka tikiti. Ba a kori dillalai ba, da yawansu ne suka zama shaidun, suna da ladansu sananne. Da ƙananan hukumomi suka kama aiki a ƙasar a 2003, sai aka zauna aka tsai da rabon kwamin da rabon kasuwa. A nan gida ma wasu ƙananan hukumomi sun ba ƙungiyoyin masu sana'a riƙon kasuwa bisa yarjejeniya. 'Yan uwa dillalai, wannan tsari bai zo don ya taɓa la'adarku ba. Kasuwa mai shinge da ruwa da matakala tana jawo fatake daga nesa, kowa ya samu.

Ga abin da muke roƙo kowa ya koma da shi gida.

Na farko, kada a biya ko dala babu tikiti mai lamba da hatimin kwamin. A ajiye shi kamar yadda ake ajiye takardar allura.

Na biyu, kowace kasuwa ta sami mutum biyu amintattu, ɗaya makiyayi ɗaya ɗan kasuwa, su riƙa rubuta yawan bisashen da aka sayar kowace ran kasuwa. Ƙarshen wata a gwada da lissafin ma'aji.

Na uku, kafin a tashi zuwa arewa, kowace rugga ta zauna ta zaɓi buƙata ɗaya ko biyu, kada ta wuce haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A rubuta sunan wurin, da yawan bisashen da ke amfani da shi, da abin da mu kanmu za mu iya bayarwa. A kai wa magajin gari ko kantoma, a karɓo shaidar an kai. A bar wakili a gari wanda zai bi sawun takardar har Oktoba.

Na huɗu, mu nemi ganin takardu biyu: kasafin da aka tsara a farkon shekara, da lissafin abin da aka kashe a ƙarshenta. Doka ta ba ɗan ƙasa damar neman ganinsu. Yaranmu da suka yi lakwal su karanta mana. Tambayarmu gajera ce: nawa kasuwar bisashe ta kawo bara, nawa aka kashe a kan kiwo?

Na biyar, mu nemi a rubuta yarjejeniya cewa wani kaso sananne na kuɗin kara zai riƙa komawa ga gyaran kara, da ruwa, da burtali. A tsai da kason a zaune, gaban sarakuna, a sa hannu.

Mu je da ladabi, mu je da lissafi a hannu. Ma'aikacin kwamin ba abokin gaba ba ne, sau da yawa shi ma yana bin albashin watanni. In kuɗin kasuwa suka shiga asusu yadda ya kamata, shi zai sami albashinsa, manomi zai sami ajin 'ya'yansa, mu kuma mu sami bakin magana a kan rijiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare garke daga cuta da ɓarayi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Yanzu fili naku ne, mai tambaya ya ɗaga hannu.