Jawabin Cikar Kwamitin Tarihin Garinmu Shekara 10



Ranka ya daɗe mai gari, Allah ya gafarta malam liman, iyayenmu maza da mata, da ku ƴan uwa ƴan ci-rani da kuka zo daga Yamai, da Agadas, da Kano, da Legas, da Abijan, ina gaishe ku, barkanku da zuwa. Shugaban ƙungiya ya ce in tashi in ba da bayanin aikin kwamitin tarihi, tun da yau ya cika shekara 10, kuma ni ke riƙe da alƙalaminsa. Ni yaro ne gaban waɗanda ke zaune bisa tabarmar nan. In na yi kuskure, a gyara mini nan take.

Zan fara da kaina. Na yi lakkwal, na yi makarantar horon malamai, duka da Faransanci. Na fito na san juyin juya halin Faransa na 1789, na san ranar 3 ga Agusta 1960. Amma ran da wani yaro cikin aji ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, wa ya gina tsohuwar rijiyar da ke bayan masallaci?" sai na yi shiru. Kunyar rannan ita ta kai ni cikin kwamitin nan.

Ga abin da muka yi cikin shekarun nan.

Na farko, mun tsara jerin shekarun gari. Dattawanmu ba da lamba suke ƙirga shekara ba, da abin da ya faru cikinta suke ƙirgawa. Shi ya sa da yawa cikinku, in an duba katinku, "wajen shekara kaza" aka rubuta gun haihuwa. Sai muka ɗora kowane suna bisa lambarsa. Yunwar Kakalaba, 1913 zuwa 1914. Shekarar fara da yunwarta, 1931. Shekarar da gulbi ya ci tsohon Maraɗi da ke cikin fadama har gari ya tashi ya koma bisa tudu, 1945. Shekarar da nasara ya soke aikin dole, 1946. Babban farin da ya kashe dabbobi ya karya noman gyaɗa, 1973 zuwa 1974. El-Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, 1984 zuwa 1985. Sai yunwar 2005, wadda har mu yara muka gani da idonmu. Yanzu in tsohuwa ta ce tana goye aka yi ruwan Maraɗi, mun san shekarunta.

Kada wani ya ce wannan aikin ƴan lakkwal ne kawai. Dokar filayen karkara ta 1993 ta yarda da mallakar gona ta hanyar gado da al'ada, amma sai da shaida. In wanda ya san gonar nan aro aka ba da ita shekarar fara ya kwanta dama, kai kuma kana Abijan, wa zai faɗa maka?

Na biyu, mun gwada labarin kakanni da abin da ke cikin littattafai. Gidaje da yawa na garin nan suna cewa daga Katsina suka fito lokacin yaƙi. Littattafai sun ce birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar ya yi gudun hijira, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Dalilin da ya sa har yau ake ce wa sarkinmu Sarkin Katsina ke nan. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka rasu, bayansa Gobirawa suka kafa Tsibiri. A 1899 rundunar Vule, nasaran da ya ƙone Birnin Konni, ta ratsa ƙasar nan har Maijirgi kusa da Tasawa, inda nasa ya ƙare. Littafi ya ba mu shekara. Amma wace hanya kakanmu ya biyo, da wa ya zo, me ya fara shukawa, wannan ba ya cikin littafin kowa. Yana bakinku, iyayenmu.

Na uku, maganar rijiya. Mun tambaya, sai muka samu amsa biyu. Gida guda ya ce kakansu ya gina ta, wani gidan ya ce nasu ne, har an so a ɓata. Muka yi shawara da mai gari, muka rubuta duka biyun kamar yadda aka faɗa, kowane da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Kwamiti ba alƙali ba ne. Haka nan abin da wani ya ce a ajiye, kada a karanta cikin taro, mun ajiye, domin ba a kafa mu don tonon asirin asalin kowa ba.

Yanzu sai maganar da ta fi yi mini nauyi. Kaye goma sha biyu muka cika da hirar dattawa. Na sa su cikin akwatin katako a ɗakin ajiyar lakkwal, na tafi hutun damina. Da na komo, ɗaki ya yi yoyo, gara ta shiga. Biyar sun lalace, kuma uku cikin waɗanda muka yi hirar da su sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Ba mu kwafe ko ɗaya ba. Laifin nawa ne, ina neman gafarar ƴaƴansu da ke nan zaune. Akwai kuma wani laifin da muka yi tarayya: cikin duk waɗanda muka yi hira da su, mata ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Alhali su suka san wace ɗiya aka kai wane gari, su suka san irin ganyen da aka ci aka rayu a 1984.

Saboda haka ga roƙona, abu uku.

Ku ƴan ci-rani, kowa na da salula cikin aljihu. In kun zo noma bana, kowa ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya na gidansu, ya nemi izini, ya ɗauki murya. A fara da faɗin sunan mai magana da ranar. A tambayi sunayen kakanni, da iyakar gonaki, da shekarun wahala. Kada a katse shi, kada a gyara masa. Kafin ku koma, ku kawo mu kwafe.

Ku iyayenmu, in yaro ya zo da tambaya, kada a kore shi a ce ba a tambayar wannan. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulu.

Ƙungiya kuma, muna neman kowane ɗan ci-rani ya ba da jikka guda, a sayi akwatin ƙarfe da takarda, a yi kwafi uku na kome: ɗaya gidan mai gari, ɗaya lakkwal, ɗaya hannun ƴan uwanmu na Yamai. Can akwai CELHTO, cibiyar da aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, muna so su je su nemi shawara kan yadda ake adana murya. Marigayi Bubu Hama, da ya rasu a 1982, shi ma malamin lakkwal ne tun farko, kuma ya yi shekaru yana bin dattawa da malamai yana tattara labaru da tsofaffin takardu. Ba mu kai shi ba, amma garinmu ɗaya ne tak, ba zai gagare mu ba.

Sakataren ƙungiya na bakin ƙofa da kaye, mai niyya ya rubuta sunansa da sunan dattijon da zai zauna da shi. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da matafiya gida lafiya.