Littafi a Hannun Yaro: Amanar da ke Wuyan Iyaye

 Ya ku ƴan uwa masu saurare, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, Allah ya karɓi azuminmu.

Wannan wata shi ne watan da aka saukar da Alƙur'ani, kuma umarnin farko da ya zo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a kogon Hira umarni ne na karatu, tun ba a wajabta salloli biyar ko azumi ko zakka ba. A cikin ayoyin farkon nan aka ambaci alƙalami. To, ina matsayin littafi a gidajenmu yau?

Mu tuna yaƙin Badar, ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira. An kama fursunoni, fansar wani har ta kai dirhami 4000. Amma malaman tarihi sun ruwaito cewa wanda ba shi da dukiya kuma ya iya rubutu, an karɓi koyar da yara goma na Madina a matsayin fansarsa. Musulmi suna cikin matsananciyar buƙata a lokacin, duk da haka aka auna karatun yara da ma'aunin dukiya. Daga cikin samarin Madina Zaidu ɗan Sabit ya taso, ya zama marubucin wahayi, kuma shi Sayyidina Abubakar ya ɗora wa tattara Alƙur'ani.

Mu ma ba baƙin littafi ba ne. Katsina, wadda Maraɗi ta gaji sarautarta, ta yi Ɗan Marina da Ɗan Masani. Nana Asma'u ƴar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata. A Yamai akwai dubban littattafan hannu na Larabci da ajami da aka tattara, da yawansu saboda himmar marigayi Bubu Hama. Waɗanda suka rubuta su ba su da lantarki. Da hasken wutar kara da fitilar aci-bal-bal suka yi karatu.

Me ya sa ɗiyanmu ke gudun littafi? Dalili na farko, mun haɗa karatu da bulala. Yaron da bai taɓa riƙe allo ba sai da tsoro a zuciyarsa, ranar da ya fi ƙarfin duka zai ajiye shi. Na biyu, yaro yana furta abin da bai gane ba: a makarantar allo Larabci, a lakkol Faransanci, a gida kuwa babu mai fassara masa, kuma mutum ba ya ƙaunar abin da bai ɗanɗana ba. Na uku, ba ya ganin muna karatu. Uba yana kan salula daga buɗe baki har asham, sa'an nan ya ce wa ɗansa ya ɗauki littafi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kada a ɗauki wannan da wasa. Saurayin da ba ya iya bincika magana a littafi, duk muryar da aka turo masa ta WhatsApp ita ce malaminsa. Da haka masu fitina ke janye ƴaƴan mutane, su fassara masu aya yadda suka so. Haka nan manomin da bai iya karanta takardar gona, da uwar da ba ta iya karanta ƙa'idar maganin jaririnta, rayuwarsu na hannun wani.

Ga abin da muke kira gare shi, tun daga daren nan.

Bayan an dawo daga asham, a kashe salula da talabijin na minti 15. Mai gida ya zauna da iyalinsa, yaro ya karanta, babba ya saurara. In uba bai yi karatu ba, sauraronsa kaɗai daraja ce ga yaron. A tambaye shi abin da ya gane, ya faɗa da Hausa. In ya yi kuskure a gyara da taushin murya.

Iyaye mata, ƙissar Annabi Yusufa da tatsuniyar dare su ne ƙofar littafi. Ku ba da labari, ku tsaya inda ya yi daɗi, ku nuna wa yaro inda sauran yake a rubuce.

Matasa kuwa a ba su zaɓi. Bayan Ahalari da Ishmawi da Risala, a bar su su karanta tarihi, da ilimin noma da lafiya, da labarai masu tarbiyya irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Ajami da boko duka alƙalami ne. Kuma abin da aka saya wa namiji a saya wa mace, domin ita ce makarantar farko ta gidan gobe.

Idan za a yi sayayyar sallah, a rage kaɗan daga kuɗin shadda da takalmi a haɗa da littafi guda. Tufa za ta tsufa kafin babbar sallah, littafi kuwa ƙanne za su gada. Limamai da kwamitocin masallatai su tanadi kanta ɗaya ta littattafan yara, a sa amintaccen saurayi ya riƙa ba da aro yana rubutawa. Mai neman sadaka mai gudana, ga ƙofa a buɗe.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƴaƴa amana ce, kuma za a tambaye mu a kansu. Allah ya shirya mana zuri'armu, ya sanya masu son ilimi mai amfani, ya sa muna cikin ƴantattun wannan wata.